Waiwaye: Guguwar Aila da Ruwan da Ya Ƙi Komawa Teku

Tun da guguwar Remal ta afka wa gaɓar tekun Bangladesh a ƙarshen watan Mayun 2024, tsohuwar gardama ta sake tashi a kan agajin gaggawa a ƙasar. Masu yabo suna nuna alƙaluma: an kwashe mutane kusan 800,000 zuwa mafaka kafin iska ta iso, kuma waɗanda suka rasu ba su kai talatin ba. Mutanen ƙauyukan Khulna da Satkhira, a gaɓar tekun kudu maso yammacin ƙasar, kuwa sun daɗe suna rubuta magana guda a kan kwalaye duk lokacin da manyan baƙi suka zo jaje, cewa buhun shinkafa ya ishe su haka, ganuwa mai ƙwari ta tare ruwan teku suke so. Kowane ɓangare yana da gaskiyarsa, kuma saɓanin ya girmi Remal da shekara goma sha biyar, domin ya faro ne tun guguwar Aila ta 2009.

Farkon labarin sananne ne. A watan Nuwamban 1970, lokacin ƙasar tana Gabashin Pakistan, guguwar Bhola ta hallaka aƙalla mutum 300,000. Daga nan aka kafa shirin 'yan sa-kai na gargaɗin guguwa a 1972, wanda gwamnati da ƙungiyar Red Crescent ke gudanarwa tare. A ranar 29 ga Afrilun 1991 wata guguwar ta kashe kimanin 138,000 a yankin Chittagong, sai aka duƙufa gina mafaka masu hawa a kan ginshiƙan kankare, waɗanda makarantu ne a sauran ranaku. A 1997 aka fitar da kundin dokokin aiki da ya fayyace abin da kowace ma'aikata da kowane kwamiti zai yi, daga babban birni har gundumar ƙauye. Da guguwar Sidr ta zo a Nuwamban 2007 da iskar da ta haura kilomita 200 a awa guda, mamata sun ɗan haura 3,000.

Wannan tsari aikin kwana biyu zuwa uku ne, kuma ya ƙware a kansa. Ma'aikatan hasashen yanayi su ɗaga lambar haɗari, 'yan sa-kai sama da 70,000 su kafa tutoci, uku idan lamarin ya kai lamba 8 zuwa 10, su bi gida-gida da lasifika, a fara kai tsofaffi da masu juna biyu mafaka, a kora dabbobi kan tudun da aka tara musu. Iska na lafawa a raba busasshen abinci, mazarƙwaila, ƙwayar tace ruwa da garin gishiri da sukari, sannan shinkafa, kuɗi da kwanon rufi su biyo baya bisa takardar ƙididdigar ɓarna. Gaba ɗayansa an gina shi ne a kan zato guda: ruwa zai hau, ya yi ɓarnarsa, ya janye, kowa ya koma gida.

Aila ce ta rushe wannan zato, kuma ita ce ba a cika ambata ba. Ta sauka ranar 25 ga Mayun 2009, iskarta ba ta kama ƙafar ta Sidr ba, kuma mutanen da ta kashe a Bangladesh kimanin 190 ne. Wanda ke auna bala'i da yawan gawa zai ce an tsallake rijiya da baya, haka ma duniya ta ɗauka, shi ya sa kuɗin agajin da ya shigo bai kusanci na Sidr ba. Sai dai ta zo ne daidai da tsayuwar sabon wata, lokacin da cikar teku ke kaiwa ƙololuwa, don haka igiyar guguwa ta hau kan ruwan da dama ya cika ya batse. Ganuwar da ta karye ko ta zaizaye ta haura kilomita 1,700.

Sai an san yadda ƙasar take kafin a gane nauyin wannan. A shekarun 1960 da 1970 an kewaye filayen gaɓar tekun da ganuwar ƙasa, kamar dai badalar tsofaffin biranenmu, don hana ruwan gishiri shiga gonakin shinkafa. Irin waɗannan kewayayyun filaye, da ake kira folda, guda 139 ne. Sun ba da amfanin gona sosai, amma sun hana kogi zuba lakar da a da take ɗaga ƙasar kowace shekara. Lakar ta koma taruwa a cikin kogunan, gadonsu ya yi sama, cikin foldar kuma ya ci gaba da lotsawa. Binciken da aka yi daga baya a folda ta 32 a Dacope ya nuna ƙasarta ta yi ƙasa da dajin Sundarban da ke maƙwabtaka da ita da mita ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Wato ƙauyen ya zama ƙwarya a gefen kogi. Ga kuma bututan da masu kiwon jatan lande suka huda ganuwar da su don jawo ruwan gishiri, kowane ɗaya wuri ne mai rauni.

Idan irin wannan ganuwa ta ɓalle, ruwa zai riƙa shiga sau biyu a yini yana fita sau biyu saboda cika da janyewar teku, kuma kowace shiga da fita tana ƙara yashe bakin ɓarakar. Ɓarakar da mutanen ƙauye za su iya toshewa da kwanduna a makon farko, bayan wata biyu ta zama rafi mai zurfi da ƙarfin gudu. Toshe ta sai an kafa layukan gora ko gungume, a jera buhunan yashi, a yi ta matsowa daga ɓangarori biyu, sannan a rufe tsakiyar cikin 'yan awanni a ranakun da wata ya raba, lokacin da cikar teku ta fi sauƙi. Wani lokaci dole a haƙura da tsohon layin a ja sabuwar ganuwa ta zagaye ramin ta baya. Duk wannan aikin rani ne, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, domin ana buƙatar busasshiyar ƙasa. Aila ta zo ana saura kwanaki damina ta kankama, kuma ana saura makonni biyar shekarar kasafin kuɗi ta ƙare. Kafin a auna, a yi ƙiyasi, a ba da kwangila, ruwa ya riga ya ninka aikin. Wasu wuraren an toshe, babbar cika ta gaba ta sake ɓallewa.

Sakamakon haka, a sassan Koyra, Dacope da Shyamnagar da ke Khulna da Satkhira, dubban iyalai sun zauna a bukkokin tamfol a kan ragowar ganuwar, wasu har kusan shekara biyu. A nan ne kayan agajin da aka tsara domin mako guda suka nuna iyakarsu. Ƙwayar tace ruwa tana kashe ƙwayoyin cuta, ba ta cire gishiri, kuma tafkunan da ake sha duk teku ya shige su. Ƙa'idar masu aikin agaji ita ce aƙalla lita 15 ga kowane mutum a yini, da masai ɗaya ga mutum 20. Iyali mai mutum biyar na buƙatar lita 75 kenan kullum, a kwale-kwale za a kawo, kuma babu inda za a haƙa masai a kan tudun da faɗinsa bai wuce 'yan taku ba, ruwa hagu da dama. An kai shinkafa, amma itacen dafa ta ya zama abin nema. An raba kwanon rufi ga mutanen da filin gidansu ke nutsewa sau biyu a yini. Gona kuwa, ko bayan an toshe ganuwa, sai damina biyu ko uku ta wanke gishirin kafin shinkafa ta yi kyau, shi ya sa magidanta da yawa suka tafi birnin Khulna tuƙa keken haya da leburanci.

Takardar ƙididdigar ɓarna ita ma tana da nata gurbin. Tana ƙirga mamata, gidaje, shanu da ekokin gona a rana guda, kamar hoto. Ba ta da layin da za a rubuta cewa wannan ƙauye zai ci gaba da nutsewa har wata goma sha takwas. Kuma raba abinci da gyaran ganuwa ayyuka ne da ke ƙarƙashin ma'aikatu daban-daban, kowanne da asusunsa da ƙa'idar kashe kuɗinsa: na farko ana iya sakinsa cikin awanni, na biyu yana bin matakan aikin gini. A ƙauyen da ke cikin ƙwarya kuwa, toshe ɓaraka shi ne agajin gaggawa na farko, domin sauran duka a kansa suka rataya.

An ɗauki darasi, gwargwado. A 2010 an sabunta kundin dokokin aiki, a 2012 aka yi dokar kula da bala'o'i, a 2013 kuma aka fara aikin ɗaga ganuwa da tallafin Bankin Duniya na dala miliyan 400, wanda aka tsara wa folda 17 cikin 139. Tankunan tara ruwan sama sun yawaita a gidaje. Amma da guguwar Amphan ta zo ranar 20 ga Mayun 2020, an kwashe mutum miliyan 2.4 a tsakiyar annobar korona, mamata ba su kai talatin ba, ganuwar Koyra kuma ta sake ɓallewa a wurare da dama. Ƙaramar Sallar 2020 ta faɗo ranar 25 ga Mayu, shekara goma sha ɗaya cif da saukar Aila. Mutanen Koyra da suka fito aikin gayya na toshe ɓaraka sun yi sahu suka yi sallar Idi a tsaye cikin ruwa har gwiwa, suka idar, suka koma ɗaukar ƙasa kafin cikar teku ta dawo.