Waiwaye: Kansar tsoka da yunƙurin sa ta ta ƙarasa girma

Zaren tsokar da ke motsa hannu da ƙafa ba ya hayayyafa. Tun jariri yana ciki ƙananan ƙwayoyin halitta ke ta ninkuwa, sai a wani mataki su tsaya cak, su manne da juna, su zama dogayen zaruruwa masu miƙewa da takurewa. Daga nan haihuwa ta ƙare musu. Kansar da likitoci ke kira rabdomayosakoma ƙwaya ce da ta kama hanyar zama tsoka, ta kai rabi, ta toge, ta ci gaba da ninkuwa ba ƙaƙƙautawa. Yara ta fi kamawa, galibi a kai da wuya, ko bayan ido, ko mafitsara. A Amurka ana samun yara kusan 350 da ita duk shekara.

Tun 1854 wani likitan Jamus, Weber, ya bayyana ta, amma sai 1946 Arthur Purdy Stout ya ware ta a matsayin cuta mai zaman kanta. A 1972 asibitocin Amurka suka haɗa kai suka fara gwaji tare: tiyata, gashi (wato ƙona ƙwayoyin kansa da haske mai ƙarfi), da haɗin magunguna uku masu kashe ƙwayoyin kansa. Masu tsira suka tashi daga kusan kashi 25 cikin 100 zuwa sama da 70. Sai dai idan cutar ta riga ta bazu, ba a kai kashi 30 ba, kuma an shafe shekaru da dama a nan. Wanda ya rayu ma yakan biya kuɗin tsira: gashin da aka yi wa ɗan shekara uku a fuska na iya tsayar da girman ƙashin wurin, ɗaya daga cikin magungunan kuma na iya hana haihuwa.

Wannan ya sa wasu suka tambaya: in dai matsalarta ƙin girma ne, me zai hana a girmar da ita maimakon a kashe ta? Tunanin daga kansar jini ya fito. A 1971, a New York, Charlotte Friend ta zuba sinadarin DMSO a kan ƙwayoyin kansar jinin ɓera, bayan 'yan kwanaki suka soma yin ja, alamar sun fara ƙera abin da jan jini ke ƙerawa. A 1986 kuma, a Shanghai, Wang Zhenyi ya ba wata yarinya 'yar shekara biyar da ke bakin mutuwa saboda wani nau'in kansar jini wani magani dangin bitamin A mai sa ƙwayoyin kansar su ƙarasa girma, ta tashi. Yau wannan nau'in kansar jinin, idan aka haɗa maganin da sinadarin asenik, sama da kashi 90 na warkewa. Duk mai harkar kansar tsoka wannan nasarar yake hange.

Da farko abin ya yi kama da mai sauƙi. A 1987, a cibiyar Fred Hutchinson da ke Seattle, Harold Weintraub da Robert Davis da Andrew Lassar suka gano MyoD, ƙwayar gado guda ɗaya tak da, in aka cusa ta cikin wasu ƙwayoyin halitta da ba na tsoka ba, sai su rikiɗe su zama tsoka. Wani zai ce ai shi ke nan, a ba kansar MyoD. Ina! Ashe tana da shi jingim, har likitoci da shi suke gane ta a ƙarƙashin madubin gwaji. Ga direba zaune, ga mota, amma ba tafiya. A 1993 Stephen Tapscott da abokan aikinsa suka haɗe ƙwayoyin kansar da lafiyayyun ƙwayoyi, sai haɗin ya fara zama tsoka. Ke nan hanyar tana nan, toshe ta aka yi. A shekarar ce kuma aka gano ɗaya daga cikin masu toshewar: a nau'in da ya fi muni, kuromosom (zaruruwan da ke ɗauke da ƙwayoyin gado) na 2 da na 13 kan karye su haɗe, su haifar da baƙon furotin PAX3-FOXO1, wanda ke riƙe ƙwayar a yarinta.

Neman yadda za a janye wannan shinge ya ci shekara talatin. A 2018 masu bincike a Cibiyar Kansa ta Amurka suka nuna cewa maganin trametinib yana buɗe hanyar girma a ƙwayoyin kansar da ke da lahani a ƙwayar gadon RAS, kodayake a jikin ɓeraye ƙarin kansar yakan dawo in an ba da maganin shi kaɗai. A 2023 ɗakin gwajin Christopher Vakoc a cibiyar Cold Spring Harbor da ke jihar New York ya bi ƙwayoyin gado ɗaya bayan ɗaya yana kashe su da CRISPR, fasahar yanke ƙwayoyin gado, har ya dace da furotin NF-Y. Da aka kashe shi, ƙwayoyin kansar suka daina ninkuwa, suka miƙe suka yi tsawo irin na zaren tsoka.

Sakamakon ya burge jaridu, amma a ganina sun yi saurin guɗa. A farantin gwaji aka yi wannan, ba a jikin yaro ba. NF-Y kuwa lafiyayyun ƙwayoyin jiki ma da shi suke aiki, don haka samun maganin da zai taɓa shi a cikin ƙari ya ƙyale sauran jiki ba ƙaramin aiki ba ne. Kansar jinin nan ta Shanghai kusan duk masu ita lahani ɗaya gare su, maganin kuma kan furotin ɗin da ya lalace yake sauka kai tsaye. Ita kansar tsoka iri-iri ce, ko a ƙari guda ma wasu ƙwayoyin sun kusa girma, wasu na can baya a laɓe, kuma ƙalilan da suka ƙi girma sun isa su dawo da cutar.