Tubulin

Tubulin furotin ne da ake samu a kusan kowace ƙwayar halitta ta jikin ɗan Adam. Masanin ƙasar Japan Hideo Mohri ne ya raɗa masa wannan suna a 1968. Iri biyu ne suka fi yawa, alfa da beta, kuma kullum a manne suke tafiya. Idan suka jeru sai su zama layi, layuka 13 kuma su naɗe su zama ɗan siririn bututu mai faɗin nanomita 25 (nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita). Waɗannan bututun ne ke riƙe siffar ƙwayar, kuma a kansu furotin kinesin da dainin ke jigilar kaya. Da su ne wutsiyar ƙwayar maniyyi ke kaɗawa.

Abin da ya fi ba da mamaki a lamarinsu shi ne rashin zama wuri guda. Bututun zai yi ta tsawo muddin sinadarin GTP, mai ba ƙwaya ƙarfi, na bakinsa. Da zarar sinadarin ya ƙare, sai bututun ya wargaje nan take, kamar rumfar kasuwar mako da ake kafawa da safe a kwashe da yamma. Tim Mitchison da Marc Kirschner ne suka bayyana wannan hali a 1984. Lokacin rabuwar ƙwaya, bututun na miƙowa daga gefe biyu, suna tsawo suna janyewa har sai sun cafki kuromosom 46 ɗin da ke ɗauke da bayanan gado, sun jera su a tsakiya, sannan su ja kwafin kowanne zuwa ɓangarensa. In aka samu kuskure, wata ƙwayar ta tashi da ƙari, wata da giɓi.

A nan magunguna ke samun kafa. Binkiristin, wanda aka samo daga wani fure ɗan asalin Madagaska, yana hana bututun ginuwa, sai ƙwayar cutar daji ta kasa rabuwa. Yana cikin magungunan dajin Burkitt, mai kumbura muƙamuƙin yara a Kamaru da maƙwabtanta. Sai dai jijiyoyi ma da bututun suke aiki, shi ya sa majinyaci kan yi kukan yatsunsa sun yi sanyi ko suna masa tsikari.

Mutanen Garwa da Marwa a arewacin Kamaru sun fi sanin tubulin ta wata hanyar, ko da ba su taɓa jin sunansa ba. Mebendazol da ake raba wa 'yan makaranta, da albendazol da makiyayan Ngaundere ke ɗura wa shanu, duk beta-tubulin na tsutsar ciki suke kamawa, kuma sun fi manne masa nesa ba kusa ba a kan na mutum ko na dabba. Tsutsar sai ta kasa shan sukari, ƙarfinta ya ƙare, ta mutu ta fita ta bayan gida.