Ƙaddara ko Zaɓi: Abin da Ake Nufi Idan Jarumin Labari Ya Lalace

A gidajen kallo na ƙauyukan Ringim da Taura, da kuma tsakar gidajen da mata ke sauraron littattafan da aka karanta aka ɗora musu a waya, akwai gardamar da ba ta ƙarewa duk lokacin da tauraron labari, wanda aka faro shi mutumin kirki, ya rikiɗe ya koma mugu. Wani ya ce ƙaddara ce ta hau shi, ai ƙaddara ta riga fata. Wani ya ce babu wata ƙaddara, son zuciya ne kawai, kuma abin da mutum ya shuka shi zai girba. Sau da yawa masu gardamar ba abu ɗaya suke nufi da ƙaddara ba, shi ya sa ba sa haɗuwa.

A wajen malamai, ƙaddara ita ce sanin Allah da rubutawarsa da nufinsa ga dukkan abin da zai faru, kuma yarda da ita rukuni ne na shida cikin rukunan imani. Tun ƙarnonin farko na Musulunci aka rabu a kan yadda wannan zai zauna tare da alhakin da ke wuyan bawa. Jabariyya, waɗanda ake dangantawa da Jahmu bin Safwan da aka kashe a shekara ta 128 bayan Hijira, sun ce tilasta mutum ake yi, ba shi da ta cewa a cikin aikinsa. Ƙadariyya, da suka ɓulla a Basra ta hannun Ma'abad al-Juhani, sun tafi ɗaya gefen, suka ce mutum ne ke samar da aikinsa da kansa. Imam Abul Hasan al-Ash'ari, wanda ya rasu a 324 kuma aƙidarsa ta daɗe a makarantun zaure na ƙasar Hausa, ya yi bayani da abin da ake kira kasbu, wato Allah ne ke halittar aiki, amma bawa ne ke nufarsa ya ɗauke shi da niyyarsa, kuma a kan wannan za a yi masa hisabi. Saboda haka mai cewa ƙaddara ta wanke jarumi daga laifi, ko a ma'aunin malamai bai tsaya daidai ba.

To amma labarin ƙirƙira yana da wani sha'ani nasa daban, domin a cikinsa alƙalami na hannun marubuci ne, kuma ya san ƙarshen jaruminsa tun kafin ya raɗa masa suna. Idan masu nazari suka ce ƙaddara a nan, suna nufin abubuwan da aka ɗora wa jarumin ba da shawararsa ba: gidan da aka haife shi, maraici, farin da ya cinye gona, ko zaluncin wani baffa da ya danne gado. Zaɓi kuwa shi ne abin da ya aikata da hannunsa alhali akwai wata ƙofar a buɗe.

A ɗauki matashin manomi da ƙungiyar ƙauyensu ta damƙa wa kuɗin takin zamani saboda amanarsa. Ana tsakiyar bazara mahaifiyarsa ta kwanta, aka ce sai an kai ta asibitin birni, rumbu kuwa babu ko damin gero ɗaya da zai sayar. Wannan ƙaddara ce, ba shi ya jawo ta ba. Ya zare wani abu daga kuɗin da niyyar mayarwa da kaka, ya kuwa wuce ƙofar gidan shugaban ƙungiya bai tsaya ya faɗa masa ba, saboda kunya. Ranar lissafi da aka shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya aka tambaye shi, sai ya ce dillali ne ya ƙara farashi. Da magana ta tsananta, ya bari aka zargi amininsa da ya raka shi kasuwa, yana zaune bai ce uffan ba. A kowane mataki yana iya buɗe baki ya faɗi gaskiya, sai dai kullum faɗinta na ƙara tsada. A ganina, labarin da aka gina haka shi ne ke taɓa zuciya, domin mai sauraro yana tausaya wa jarumin kuma yana zarginsa a lokaci guda.

Wannan gini ba baƙo ba ne a wurinmu. Duk wanda ya zauna tafsirin azumi ya ji ƙissar Barsisa, mai bautar nan na Bani Isra'ila da malamai ke kawowa wajen bayanin aya ta 16 a Suratul Hashri. An bar masa amanar wata budurwa, ya fara da kai mata abinci, daga nan sai hira, sai alfasha, sai kisa don rufin asiri, ƙarshe ya yi wa Shaiɗan sujada. Shaiɗan bai taɓa kama hannunsa ba, shawara kawai ya riƙa ba shi.

Inda nake da ja da wasu marubuta da masu shirya fina-finanmu shi ne saurin rugawa wajen boka. Da an so miji nagari ya wulaƙanta uwargida, sai a nuna kishiya ta binne layu a bakin ƙofa, ya wayi gari wani mutum daban. Ba musun samuwar sihiri nake yi ba, amma a matsayin dabarar labari hanya ce ta mai gaggawa, domin tana cire jarumin daga cikin labarinsa gaba ɗaya. Wanda aka juya wa hankali bai zaɓi komai ba, don haka idan asirin ya karye a kashi na ƙarshe, nadamar da yake yi yana kuka a gaban surukansa ba ta da nauyi, tunda shi kansa marubucin ya riga ya shaida mana cewa ba shi ne ya aikata ba.