Manhajar kemistiri a babbar sakandare: wa ke tsara ta, me ta ɗora wa makaranta

A Najeriya malamin kemistiri ba ya zama ya zaɓi abin da zai koyar da son ransa. Akwai manhaja ta ƙasa, kuma hukumar da doka ta damƙa wa tsara ta ita ce NERDC, mai kula da bincike da bunƙasa ilimi, wadda aka kafa da dokar soja mai lamba 53 ta shekarar 1988. Ita ke tara masana da malaman aji su rubuta daftari, sannan a kai shi gaban Majalisar Ilimi ta Ƙasa, inda ministan ilimi ke zama da kwamishinonin jihohi, su amince. Jihohi na da kujera a wurin ne saboda tsarin mulkin 1999 ya sa ilimi cikin abubuwan da tarayya da jiha ke da hannu a kai tare.

Mutane kan haɗa takardu uku su kira su da suna ɗaya, kuma daga nan ruɗani ke farawa. Manhaja ita ce uwa, ta shekara uku, daga SS1 zuwa SS3. Silabos na hukumomin jarrabawa ne, WAEC da NECO, yana faɗin abin da za a tambaya a ƙarshe. Na uku shi ne jadawalin zango, wanda ma'aikatar ilimi ko makaranta ke yanka mako-mako. A nan ne malami ke da 'yanci: yana iya gabatar da wani darasi ko jinkirta shi, ya kawo misalan da yaransa suka sani. Abin da ba shi da iko a kai shi ne zubar da wani sashe don yana ganin ba ya fitowa a jarrabawa.

An gina manhajar kan jigo huɗu: duniyar sinadarai, sinadarai da masana'antu, sinadarai da muhalli, sinadarai da rayuwa. Ba a gama jigo ɗaya a rufe shi. Kowace shekara ana komowa kansa da zurfin da ya fi na bara, kamar mai hawa bene yana zagayawa. Yaron da ya san ƙwayar zarra da alamomin sinadarai a SS1 shi zai gane dalilin jeruwar jadawalin sinadarai a SS2.

Wannan jeri ba ado ba ne, kuma duk mai tsara jadawalin zango ya kamata ya ji tsoron taɓa shi. A ɗauki mol, ma'aunin da ake ƙirga ƙwayoyi da shi, inda mol ɗaya ke ɗauke da ƙwayoyi kusan 6.02 × 10²³. Idan aka yi gaggawa a kansa a shekarar farko, ɗalibi zai biya bashin har ya fita. Ba zai iya lissafin ƙarfin asid ba, ba zai gane yawan ƙarfen da lantarki ke ajiyewa a jikin sandar da aka tsoma cikin ruwan sinadari ba, lissafin iskar gas ma zai zame masa hadda. Sau da yawa yaron da ake cewa kemistiri ya fi ƙarfinsa mako biyu ko uku kawai aka tsallake masa a SS1.

Wanda ya buɗe takardar manhajar zai ga kowane darasi an shimfiɗa shi a gida-gida: abin da ɗalibi zai iya yi bayan darasin, abin da za a koyar, aikin malami, aikin ɗalibi, kayan aiki, da yadda za a auna ko an gane. Gidan da aka fi yi wa riƙon sakainar kashi shi ne aikin ɗalibi. Manhaja tana so yaro ya tace, ya auna, ya ɗumama, ya tsoma takardar litmos ya ga ta koma ja a cikin asid, ya rubuta abin da idonsa ya gani. Zana bututun gwaji a allo bai sauke wannan nauyi ba.

Jarrabawar ma a kan haka take. Kemistirin WAEC takarda uku ne, kuma ta ukun gwajin hannu ce mai maki 50 cikin 200: ɗalibi ya ɗiga asid cikin alkali, wato sinadarin da ke kishiyar asid, har launi ya juya, ya karanta awo, ya gano sinadarin da aka ba shi ba tare da suna ba. Makarantar da ta kulle ɗakin gwaje-gwaje shekara biyu da rabi, sai jarrabawa ta matso a buɗe shi, ta saɓa wa manhaja tun kafin sakamako ya fito, kuma hannun da bai saba riƙe gilashi ba rawa yake yi ranar da ake buƙatarsa.

Iyaye na da hakkin tambaya. A nemi ganin jadawalin zango, a duba littafin gwaji na yaro, a ga kwanan watan da ke kan shafin farko.