Me ake nufi da jirgin dakon soja?

Idan aka ce jirgin dakon soja, da yawa sai su ɗauka jirgin yaƙi ne mai manyan bindigogi. Ba haka ba ne. Jirgin ruwa ne da aikinsa kawai ya kwashi sojoji daga wannan gaɓa ya sauke su a waccan. Sau da yawa ma ba don soja aka ƙera shi ba, na fasinja ne gwamnati ke karɓewa daga hannun kamfani idan yaƙi ya ɓarke. Ko a 1982, da rikicin tsibiran Falkland ya tashi, haka Birtaniya ta yi da jirgin Queen Elizabeth 2. Irin waɗannan jirage ne kuma suka kwashi kakanninmu zuwa Indiya a 1943 da 1944, kan hanyarsu ta zuwa yaƙin Bama.

Kada a haɗa shi da jirgin asibiti. Wancan farin fenti ake masa da jar alama, kuma dokar yaƙi ta hana a taɓa shi. Na dakon soja kuwa, duk abokin gaban da ya hango shi yana da damar nutsar da shi.

Jirgin Queen Mary ya ishe mu misali. A Clydebank ta ƙasar Sikotlan aka ƙera shi, ya fara jigila tsakanin Southampton da New York a watan Mayun 1936. Fasinja dubu biyu da 'yan kai yake ɗauka, attajiran cikinsu na cin abinci a zaure kamar na fadar sarki. A 1940, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, aka kai shi Sydney ta Ostareliya, aka kwashe dardumai da kayan alatu, aka jera gadaje. Da ma an riga an shafe shi da fenti ruwan toka don ya saje da teku, har aka yi masa laƙabi da Fatalwa Mai Ruwan Toka. A watan Yulin 1943 ya ɗauki mutum 16,683 a sawu guda. Abinci sau biyu a rana, barci kuma karɓa-karɓa: wannan ya tashi, wancan ya kwanta a gadon tun bai huce ba.

To, me ya kare shi daga jiragen Jamus masu tafiya a ƙarƙashin ruwa? Gudu. Yana yin sama da kilomita 50 a awa, yana tafiyar maciji, dama da hagu, don kada a saita shi. Umarnin da aka ba matuƙinsa kuma ɗaya ne: kome ya faru, ban da tsayawa.

Nan ne labarin yake sosa mini rai. Ranar 2 ga Oktoban 1942, a arewa da gaɓar Ailan, jirgin yaƙin Birtaniya mai suna Curacoa yana yi masa rakiya, sai ya gitta ta gabansa. Queen Mary ya bi ta kansa ya raba shi gida biyu. Sojojin Amurka dubbai na cikin Queen Mary, wasu suna kallo daga sama. Matuƙin bai tsaya ba, domin tsayawa na nufin miƙa wa Jamusawa rayukan da ke hannunsa gaba ɗaya. Sai bayan sa'o'i wasu jiragen rakiya suka iso suka tsamo kusan mutum 100 daga cikin mutanen Curacoa. Sama da 300 suka rasu a cikin ruwan nan mai sanyi.