Wai me ya faru ne a ranar 12 ga Yuni 1993, kuma me ya haɗa mu da ita?

Duk shekara in ranar ta zagayo sai ka ji matasa suna cewa ai hutun Yarbawa ne, mu ina ruwanmu. Wallahi maganar nan tana damuna, shi ya sa na tattaro tambayoyin da aka fi yi.

To wane irin zaɓe ne aka yi a ranar?

Zaɓen shugaban ƙasar Najeriya ne a zamanin mulkin soja na Janar Ibrahim Babangida. Jam'iyyu biyu ne kacal, kuma gwamnati ce da kanta ta ƙirƙiro su ta gina musu ofisoshi, SDP mai alamar doki da NRC mai alamar tsuntsu. SDP ta tsayar da Moshood Abiola ɗan Abeokuta, attajiri mai jaridar Concord, mataimakinsa Babagana Kingibe ɗan Borno. NRC kuma ta tsayar da Bashir Othman Tofa ɗan Kano. Shugaban hukumar zaɓe a lokacin Farfesa Humphrey Nwosu ne.

Ya aka yi manyan 'yan siyasar Arewa ba su fito ba?

Sun fito mana, hana su aka yi. A 1992 an yi zaɓen fidda gwani wanda su Shehu Musa 'Yar'adua da Adamu Ciroma suke kan gaba, sai Babangida ya soke shi ya kuma haramta wa 'yan takarar sake tsayawa. Daga nan aka kawo tsarin da ake kira Option A4, wato mutum ya faro takara daga mazaɓarsa zuwa ƙaramar hukuma zuwa jiha har ya kai matakin ƙasa. A babban taron SDP na Jos Abiola ya kara da Kingibe da Atiku Abubakar, ya yi nasara da taimakon mutanen 'Yar'adua.

Da gaske ne Abiola ya ci Kano?

Gaskiya ne, kuma nan ne wajen da nake so mu tsaya mu yi tunani. Tofa ɗan gida ne, gwamnan Kano na lokacin Kabiru Gaya ɗan NRC ne, amma duk da haka Kanawa suka fito suka tsaya a layi cikin rana suka ba Bayarabe ƙuri'a fiye da ɗansu. Ba abin mamaki ba ne in ka san Kano, saboda almajiran siyasar Malam Aminu Kano da yawa, irin su Abubakar Rimi, SDP suka shiga, kuma talakan Kano dama can bai saba bin mutum don kawai ɗan uwansa ne ba, sannan shi Abiola an san shi da taimakon masallatai da makarantu har a Arewa tun kafin ya nemi kujera. A ɗaya ɓangaren kuma Kiristoci da yawa sun zaɓi tikitin da Musulmi biyu ne a kai ba tare da an yi ta kumfar baki ba. Alƙaluman da suka fito daga baya sun nuna Abiola ya samu ƙuri'a sama da miliyan 8, Tofa kuma kusan miliyan 6.

To me ya hana a rantsar da shi?

Kwana biyu kafin zaɓen wata ƙungiya mai son soja su zarce, ta wani ɗan siyasa Arthur Nzeribe, ta samo umarnin kotu a Abuja cewa kada a yi zaɓe. Hukumar zaɓe ta yi biris aka yi, an fara sanar da sakamakon wasu jihohi sai aka dakatar, ranar 23 ga Yuni gwamnati ta soke zaɓen gaba ɗaya. Dalilan da aka bayar, wai rikicin kotuna da amfani da kuɗi, ba su gamsar da kowa ba. Legas ta kama da wuta, an kashe mutane, jama'a suka yi ta kwashe iyalansu suna komawa garuruwansu don tsoron yaƙi. A ƙarshen Agusta Babangida ya sauka ya bar wa Ernest Shonekan riƙon ƙwarya, ranar 17 ga Nuwamba Janar Sani Abacha ya karɓe.

Arewa ce ta soke zaɓen kenan?

Wannan zargin na daɗe ina jin sa kuma ban yarda da shi ba. Sojoji ne suka soke, da taimakon 'yan siyasa daga kowane yanki. Amma ba zan ɓoye ba, manyanmu da yawa sun yi shiru, wasu ma suka karɓi muƙami, Kingibe kansa ya zama ministan harkokin waje a gwamnatin Abacha. Manomin da ya baro gonarsa a farkon damina ya je ya yi layi, shi ma ƙuri'arsa aka zubar, sai dai ba wanda ya tsaya masa.

Ina Abiola ya ƙare?

Ranar 11 ga Yuni 1994 ya ayyana kansa shugaban ƙasa a Legas, aka kama shi aka tsare. An harbe matarsa Kudirat a 1996. Abacha ya rasu 8 ga Yuni 1998, Abiola kuma ya rasu a tsare ranar 7 ga Yuli, wata ɗaya tsakani, ana dab da maganar sakinsa.

Yaushe aka mayar da 12 ga Yuni ranar dimokuraɗiyya?

A 2018 Muhammadu Buhari ya ɗauke ranar daga 29 ga Mayu ya mayar 12 ga Yuni, ya kuma ba Abiola lambar GCFR wadda shugabannin ƙasa ake ba wa. Shi kuwa Babangida sai a watan Fabrairun 2025, wajen ƙaddamar da littafin tarihin rayuwarsa a Abuja, ya fito fili ya amsa cewa Abiola ne ya ci zaɓen, bayan shekara kusan 32, lokacin Abiola da Tofa da Nwosu duk sun riga mu gidan gaskiya.