Mene ne kuɗin ruwan sama da wasu garuruwa ke karɓa, kuma zai yiwu a Damagaram?

Akwai garuruwan da in ruwan sama ya sauka bisa kwanon gidanka ya bi rariya ya fita titi, a ƙarshen wata sai takarda ta iso maka ka biya. Duk wanda ya fara jin wannan magana sai ya ce a'a, to yanzu rahamar Allah ma an sa mata farashi? Ruwan dai kyauta ne kamar kullum, abin da ake biya ɗawainiyarsa ce bayan ya bar gidanka, gina kanibo da yashe shi da gyaran inda ya karye, da kula da tabkunan da ruwan ke taruwa don kar ya koma ɗakunan mutane. Ana ce masa kuɗin kula da ruwan sama ko kuɗin magudanar ruwa, waɗanda ba su son shi kuma harajin ruwan sama suke cewa.

Bambancinsa da lanho shi ne gindin maganar. Lanho da kuɗin kasuwa da na tasha duk tukunya guda suke shiga a meri, daga nan ake albashi, ake sayen mai, ake komai da komai, kuma kowa ya san a watan Afrilu da ake neman ruwan sha ido rufe ba wanda kanibo ke zuwa masa a rai, sai Agusta ta zo ruwa ya tsaya a ƙofar gida sannan a fara neman shebur. Shi wannan kuɗi asusunsa dabam ne, ba a taɓa shi sai don aikin ruwan sama, kuma yana shigowa rani da damina, don haka ana iya tsara yashe magudanai tun kafin hadari ya fara haɗuwa. Na biyu kuma ba kawunan mutane ake ƙirgawa ba, ba kuma darajar gidanka ba, ruwan da filinka ke turo wa gari ake dubawa.

To yaya ake auna shi, tunda ba konta a kan indararo? Ana auna wurin da ruwa ba ya iya nutsewa ne, rufin kwano, dakali, tsakar gidan da aka yi wa daɓen siminti ko aka shimfiɗa pabe, filin ajiye motoci. Lissafin ba wuya, ruwan milimita 1 a kan murabba'in mita 1 lita 1 ne cif. Ke nan rufi mai murabba'in mita 100, in aka yi ruwan milimita 40 a dare guda, ya zubo lita 4,000, tano 20 ke nan, daga gida ɗaya tak. Yanzu ka tsaya ka dubi unguwa guda da aka rufe da kwano da siminti daga wannan layi zuwa wancan. A tsakar gida mai rairayi da bishiya rabo mai yawa ƙasa ke shanyewa, a gidan da aka dafe da siminti har bakin ƙofa kusan duka waje yake yi, kuma ba ya tambayar gidan wa zai shiga, gangare kawai yake bi.

Hanyar da garuruwan Amurka da yawa ke bi ita ce su auna gidajen zama su fitar da matsakaicin gida su ce wannan ma'auni ɗaya ne. Gidan zama ya biya ma'auni ɗaya, babban magaza ko tashar da kwanonta da simintinta suka kai na gida 30 ta biya 30. Misali kawai nake yi, in ma'auni ɗaya dala 20 ne a wata, mai tashar zai ba da jika 3. Wanda kuma ya riƙe ruwansa, ya sa tanki ko ya haƙa ramin da ruwa ke nutsewa ko ya fasa siminti ya bar ƙasa, ana rage masa. A Jamus kai tsaye suke yi, kuɗi kaza a kan kowane murabba'in mita da aka rufe, an raba shi da kuɗin ruwan ƙazanta.

Abin ba sabo ba ne. Garin Bellevue a jihar Washington ya kafa nasa tun 1974, yau garuruwa sama da 1,500 ke da shi a Amurka. Labarin Philadelphia shi ya fi burge ni. Da can bisa girman kontar ruwan sha suke ɗora kuɗin, sai aka lura manyan filayen ajiye motoci da aka shafe da kwalta, waɗanda ba su da ko pampo ɗaya, ba sa biyan komai alhali su ke turo ruwa mafi yawa, daga 2010 suka koma auna fili. A Maryland kuwa dokar 2012 ta tilasta wa manyan gundumomi 9 da birnin Baltimore su karɓa, 'yan adawa suka yi ta kiran sa harajin ruwan sama har Larry Hogan ya yi yaƙin neman zaɓen gwamna da shi ya ci, a 2015 aka cire tilascin. Faransa ma, wadda yawancin tsarin merinmu daga can aka kwaso shi, ta ba garuruwa izinin karɓa har yuro 1 a murabba'in mita, garuruwa ƙalilan ne suka taɓa shi, a 2015 aka soke. Don haka kar wani ya ce maka duk inda aka gwada ya yi.

Mu dawo gida. Damagaram bisa dutse take zaune, wanda ya hau duwatsun Birni ya leƙa ya gani, ruwa ba ya samun zurfin ƙasar da zai nutse a wurare da yawa, shi ya sa ruwan shanmu ma daga nesa ake janyo shi, Gogo da Machaya da Arunguza da Ganaram. Ruwan shekara bai wuce wajen milimita 400 ba amma kusan duka a wata uku yake sauka, wani lokaci a 'yan awoyi. Daminar 2024 ba wanda ya manta, ambaliya ta kashe sama da mutum 300 a Nijar, a nan kuma farkon Satumba tsohon masallacin Birni da aka gina da ƙasa tun tsakiyar ƙarni na 19 ya rushe mutane na kallo. Ba na cewa kanibo zai hana wannan, ginin ƙasa da ruwan da ya jiƙa shi ta sama wata magana ce, amma gidajen da ruwa ke kwanciya a gindin katangarsu kwana da kwanaki har ta zube, wannan kam maganar magudana ce. Ka leƙa kanibon da ke kusa da kai a watan Yuni, rairayi ne ya cika shi har baki, bisa rairayin leda, wani wurin ma an rufe shi an kafa tebur a kai. In an yashe kuma sai a tara ƙasar a gefe ba kamyon da zai kwashe, ruwan farko ya maida ta inda ta fito.

Ni a ganina asalin tunanin adalci ne, kuma ya fi dacewa da mu fiye da yadda ake zato, don a garin nan wanda ya fi turo ruwa da wanda ruwa ya fi ci ba mutum ɗaya ba ne. Mai hali ya gina a tudu ya dafe ko'ina da pabe, mai gidan ƙasa a kwari shi ke kwana yana kwalfa da roba. Amma in aka kwaso tsarin Turawa yadda yake aka dire a nan ba zai kai ko'ina ba. Su a kan takardar ruwa suke ɗora shi, mu gidaje nawa ne ba su da konta, 'yan garuwa ke kai masu jarka? In ka ɗora bisa takardar ruwa ka koma kuskuren Philadelphia na da. Auna rufi ba shi ne matsalar ba, hoton tauraron ɗan'adam yana nuna kowane kwano, matsalar a san gidan na wa ne, wa za a kai wa takarda, ɗan haya ko mai gidan da ke zaune a Yamai, ga gidajen gado da ba a raba ba.

Da ni ake tambaya sai in ce a bar gidajen zama tukuna, a fara da manya waɗanda ba su da yawa kuma kowa ya san su, magazai, tashoshin mota, gidajen mai, bankuna, da ma'aikatun gwamnati su ma, kar a ce na gwamnati ne a tsallake. A Amurka sai da aka yi doka a 2011 kafin gine-ginen gwamnatin tarayya su daina cewa wannan haraji ne ba ya hawa kansu. Masallatai da makarantu kuwa a yi hattara, a Ingila da aka fara lissafa wa coci-coci da ƙananan ƙungiyoyin unguwa da faɗin rufinsu rigima ta tashi sosai har dokar 2010 ta ba da damar a sassauta masu. Sai kuma gudoro, wanda shi ma ba ya shan ruwa ko ɗigo kuma na hukuma ne, rabonsa daga baitulmali ya kamata ya fito ba a ɗora wa mutane ba.

Kuma in ba a lika lissafin asusun a kowace ɗaya daga ƙananan meri biyar na Damagaram ba, abin da ya shiga da mita nawa na kanibo aka yashe a wace unguwa, mutane za su ce wani sabon lanho ne aka sake wa suna, kuma ba za ka ga laifinsu ba.

Ragin da ake yi wa mai riƙe ruwansa shi ne ɓangaren da ba ma sai mun jira kowa ba. Rufin nan mai murabba'in mita 100 a daminar milimita 400 yana zubar da lita 40,000, jarka 1,600 ta lita 25, a garin da mata ke kwana a layin pampo da bazara. Ba duka za ka iya ajiyewa ba, tanki na da tsada kuma dole a rufe shi saboda sauro, ruwan farko da ya wanke ƙurar kwano ma a bar shi ya tafi, amma ko tano uku ka jera ƙarƙashin indararo ka samu na wanki da na dabbobi, kuma lita 600 ke nan da ba ta gangara gidan maƙwabcinka na ƙasa ba.